Hannun Tsohuwar da Ya Bushe

Jildou ɗaliba ce a shekarar farko ta koyon aikin likita. Ita da abokan karatunta huɗu suna koyo a jikin gawar wata tsohuwa. Tun tana raye tsohuwar ta ba da jikinta don ɗalibai su koya.

Ɗakin da suke koyon yana da doka. In an tashi, sai a yayyafa wa gawar ruwan magani, a naɗe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Ran Juma'a aikin na abokin karatunta Wietse ne, amma ciwon haƙori ya hana shi sakat.

"Tafi abinka, rago, zan yi maka," in ji Jildou.

Sai ta duba agogo. Jirgin ƙasan garinsu ya kusa tashi. Ta ja mayafi ta rufe gawar kawai, ba ta yayyafa maganin ba, ta haye kekenta.

Ran Litinin Malam Hoekstra ya yaye mayafin. Hannun dama ya bushe ƙayau, ya yi baƙi. Jijiyoyin da suka yi mako uku suna bi duk sun lalace.

"Sunan wa ke kan allon aiki ran Juma'a?"

"Nawa ne, Malam," in ji Wietse. Ya kalli Jildou.

"Ajiye farar rigarka. Bana ba ka sake shigowa ɗakin nan."

Jildou tana kallo ya ajiye rigar, ya fita.

Da yamma ta kira mahaifiyarta a waya.

"Muryarki ba daidai take ba. Me kika ɓata?"

Ta faɗa mata duka, tana kuka.

"'Yar nan, baiwar Allahn nan ba ta da bakin kai ƙara. Shi yaron yana da baki, ya rufe saboda ke. Mutum biyu kika zalunta, kuma Allah ya gani."

Da safe Jildou ta tsaya gaban malamin.

"Malam, ni ce. Ni na karɓi aikin, ban yi ba."

Malamin ya dube ta, ya ce:

"Hannu biyu tsohuwar nan ta kawo mana, saura ɗaya. Daga yau har ƙarshen shekara, ke za ki riƙa lulluɓe dukkan gawarwakin ɗakin nan. Je ki kira shi."

Wietse ya shigo yana saka rigarsa.

"Kin dai daɗe, uwar gaggawa. Miƙo min almakashi."

Ta miƙa masa tana murmushi, ga hawaye.

Yara, amana amana ce, ko da mai ita ba ya iya magana. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da bakinku, kada ku bari ya faɗa kan wani.