Hoton da Aka Ɗauka Daga Nesa

Ranar da Auta ta shiga shagon kyamarori, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba, ta nuna gilashin kyamarar da ya fi kowanne tsawo ta ce shi take so. Malamar firamare ce, ba ta daɗe da sayen kyamara ba, kuma tsuntsayen tafkin bayan gari sun hana ta sakat. Duk wanda ta ɗauka sai ya fito kamar ɗigon tawada.

Saurayin da ke tsaron shagon, wani dogo mai sanyin murya, bai yi mata musu ba. Ya sauko da gilashin, ya ɗaura a kyamararta, ya ce ta auna fitilar ƙarshen titi. Kafin ta gama saita ido, nauyin gilashin ya sa hannunta rawa kamar mazari.

"Wannan mai milimita ɗari shida ne," in ji shi. "Sai da sanda mai ƙafa uku, sai da kafaɗar ɗan dako. Kafin ki kafa shi tsuntsun ya yi ƙaura. Mai koyo, mai ɗari uku ya ishe shi. Ɗauki wanda za ki iya yawo da shi, sauran nisan ƙafarki ta cike."

Ta ce raina ta ya yi. Ya ce a'a, wuyan hannunta yake tausayi. Ta fita da mai ɗari uku da lambar wayarsa, wai ko gilashin zai ba da matsala. Gilashi dai bai taɓa ba da matsala ba, amma waya ba ta huta ba.

"Dogona, yau na kama zalɓe yana haɗiye kifi, idonsa ya fito tar. Ka ci albarkacinsa, na yafe maka rainin nan."

"Tsuntsuwata, ai na faɗa miki. Da wancan kika saya, da yanzu daga wajen mai ɗori kike turo mini saƙo."

Da maganar soyayyarsu ta isa kunnen Baba, sai ya ce shi bai haifi 'yar da zai ba mai goge gilashin wani a shagon wani ba. Dama yana da nasa a zuciya: Gwani, ɗan amininsa, mai ɗaukar hoton namun daji, wanda hotunansa ke rataye a manyan otal-otal. Mutum ne da ko gaisuwa ya zo yi sai ya sako sunan kyamararsa a ciki. Auta ta kafe a kan Dogo, Mama na lallashin wannan tana lallashin wancan, har ranar da Gwani ya shigo falo da hoto a babban ambulan.

Dogo ne a bakin tafki, ga wata mace mai jan mayafi, kanta a kafaɗarsa, bakinta dab da kunnensa. Baba ya shimfiɗa hoton a tebur, ya ce tunda ita ma mai hoto ce, ta duba da kyau ta faɗa masa abin da ta gani. Ta duba. Sannan ta shige ɗaki da wayarta.

"Na ga hotonka da ita a bakin tafki. Kada ka sake kirana."

"Kin tabbata da abin da kika gani?"

"Da idona na gani."

"To, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Daga nan ya yi gum. Wannan shirun ya fi hoton ƙona mata rai. Ta so ya roƙe ta, ya rantse, ko da ƙarya ce, don ta samu wanda za ta zazzage wa abin da ke cinta. Bai yi ba. Ta tsane shi tsana mai tsanani, kuma kullum da safe wayarta ce abin da take fara dubawa. Damina ta zo ta wuce, Gwani ya zama ɗan gida, Baba har ya fara zancen sa rana. Auta ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai rame.

Wata safiya Gwani ya kai ta tafki don ya nuna mata yadda manya ke aiki. Ya kafa mata ƙaton gilashinsa a kan ƙafa uku, ya ja baya yana gyara hula. Ta leƙa, sai ga zalɓe biyu baki da baki kamar masu raɗa. Ta danna, ta ɗago kai don ta gan su da ido. Ɗaya na kan gaɓar da ke gabansu, ɗayan yana can kan wani kututture a tsakiyar ruwa, tazarar da kwalekwale zai ratsa ya juya.

Ta kalli hoton, ta kalli tsuntsayen, ta tambayi Gwani yaya aka yi haka. Ya yi dariyar masana, ya ce ai kowane mai hoto ya san dogon gilashi matse tazara yake yi, ya manna na baya a jikin na gaba. Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa.

"Ranar da ka ɗauki Dogo," ta ce, "a ina ka tsaya?"

Sai ya shiga kwance gilashinsa.

A shago aka ce mata Dogo ya daɗe da barin aiki. Gwani ne babban mai sayayyarsu, ya ce ko shi ko yaron, mai shago kuma ya zaɓa. Ta samu Dogo a wani lungu ƙarƙashin matakalar bene, yana gyaran kyamarori a kan ɗan tebur. Shi ma ya rame. Ya ce tun ranar ya ga hoton, wani ya turo masa, kuma kallo ɗaya ya yi ya gane. Matar ko saninta bai yi ba, tana can baya tana kiran 'ya'yanta.

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Ba ki tambaye ni ba. Hukunci kika yanke, kika aiko mini da sanarwa. In sai na kawo hujja za ki yarda da ni, haka zan ƙare rayuwata da hujja a aljihu."

Hawaye suka zubo mata, amma ba su kashe mata baki ba. "Na yi laifi, na sani. Kai kuma ka gwammace ka rasa ni da ka rubuta layi biyu. Saura ƙiris a ba ni wanda ya yi mana wannan, kana nan kana jinyar zuciyarka."

Ya sunkuyar da kai.

Baba ba mai jin bayani ba ne, don haka Auta ba ta yi masa ba. Ta ari dogon gilashi, ta laɓe daga nesa, ta ɗauke shi a ƙofar gida daidai lokacin da wata maƙwabciya ke tahowa can bayansa. Ta miƙa wa Mama hoton a gabansa. Mama ta ga mijinta kafaɗa da kafaɗa da matar da ko gaisawa ba sa yi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya fizge hoton, ya daɗe yana kallo. Bai ba kowa haƙuri ba, har yau bai bayar ba. Cewa kawai ya yi yaron ya turo manyansa.

Aka ɗaura aure ba tare da wani taro mai yawa ba. Aikin shago bai dawo ba, watannin da suka salwanta ma haka. Da aka kai ta ɗakinsa, ɗaki ɗaya da falo, ta tambaye shi ko ya yafe. Ya ce ya yafe, mantawa kuwa sai ta ba shi lokaci. Ta ce ita ma haka.

Mama ce ta ƙarshen fita. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalli ɗaya ta kalli ɗaya, ta yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka, sannan ta ƙara da tata.

"Allah ya ba mai tambaya bakin tambaya, ya ba mai amsa bakin amsa."

Suka ce amin tare, kowa idonsa a ƙasa.