Matar da Ta Hau Soro Neman Netwok

Ƙawata, ajiye tsintar shinkafar nan ki matso kusa. Raina a ɓace yake tun da na ji abin da aka yi wa Bahijja a Jajaye, kuma in ban amayar miki da shi ba, ko ruwa ba zai wuce mini maƙogwaro ba.

Bahijja 'yar Karaye ce, ta gama sakandare, soyayya ce ta kai ta ƙauye. Mijinta Zulkifilu manomin gyaɗa ne, maraya, ƙanin mahaifinsa Baffa Daudu ne ya riƙe shi har ya yi masa aure, kuma gida ɗaya suke zaune. Allah Ya ba su 'ya mace, Munawwara, ta kai aji biyu na firamare.

Wata rana da hantsi Bahijja ta zauna a tsakar gida ta buɗe littafin Turancin yarinyar.

"Zo nan. Nuna mini harafin da ya fara sunanki."

Munawwara ta daɗe tana kallon shafin, sannan ta ɗora yatsa a kan hoton kaza.

"Innalillahi! Ke da kike rera haruffan nan kullum har kunnena ya gaji?"

"Umma, ai waƙa ce. Malam ya ce mu dai mu riƙa binsa."

Abin ya tsaya wa Bahijja a rai. Ba ta ga laifin malamin ba, mutum ɗaya ne a gaban yara cike da aji har bakin taga. Amma 'yarta fa? Da yayanta Kabir ya kawo mata ziyara ta kai masa kuka, shi kuwa ya zaro tsohuwar babbar wayarsa ya miƙa mata.

"Riƙe wannan. A intanet akwai shafuka kyauta, bidiyo ne da ke koya wa yara sautin kowane harafi, da ƙananan littattafan labari masu hoto, kina taɓa kalma ta karanta kanta. Ki yi daunlodin, wato ki sauke su cikin wayar ki ajiye, ko ba data za su buɗe."

To ga waya, ga data, ina netwok? A unguwarsu sai ya ga dama yake leƙowa. Ta gwada ɗaki, ta gwada gindin rijiya, ta gwada bayan rumbu, shiru.

Lokacin kaka ne, an shanya gyaɗa a saman soro. Ran nan hadari ya taso, maza duk suna gona, dole ta jingina tsani ta hau kwashewa. Tana isa kusurwar da indararo yake, wayar da ta ɗaure a haɓar zane ta hau ƙara, saƙonni na shigowa a guje. Ashe nan netwok ɗin yake!

Daga ranar, in gida ya yi tsit da hantsi, sai ta zumbula hijabi ta hau, ta tsaya a kusurwar nan, ta ɗaga waya sama da kanta tana juya ta gabas da yamma har darasi ya gama sauka. Ta sauko ta zaunar da 'yarta a tabarma, su bi sautin haruffa ɗaya bayan ɗaya, su rubuta da gawayi a jikin katanga. Ba ta gaya wa mijinta ba. So take sai ranar da yarinya za ta karanta masa abu da bakinta, ta ga yadda fuskarsa za ta yi. Wannan shi ne kuskurenta, ƙawata, ba zan ɓoye miki ba. Kin san mu, ko namiji zai hau soro sai ya ɗaga murya ya sanar, don matan maƙwabta su kimtsa, tunda banɗakunanmu ba rufi gare su ba.

Sai ga Malam Ilu, maƙwabcinsu na baya, ƙotar fartanyarsa ta karye ya dawo gida da wuri. Ya ɗaga kai daga kan hanya, ya hango mace a saman soro, waya a sama, tana juya ta wajen gidansa. Bai yi tari ba, bai tambaya ba. Ya zarce gonar Baffa Daudu yana huci.

Kafin la'asar magana ta zaga Jajaye: matar Zulkifilu tana ɗaukar hoton matan mutane a banɗaki tana sawa a intanet.

Bahijja na tankaɗe ta ji sallamar Baffa kamar tsawa. Ya shigo, Malam Ilu a bayansa, Zulkifilu a ƙarshe, ƙasar gona har gwiwa.

Ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Baffa. An dawo lafi—"

"Riƙe gaisuwarki! Ina wayar?"

Ta miƙa da hannu biyu. Zulkifilu ya karɓa ya buɗe a gabansu. Babu komai sai bidiyon haruffa, da wata akuyar zane da ke rera waƙar Turanci, da hotunan Munawwara ranar Sallah.

"Ta goge!" in ji Malam Ilu. "Yaran zamani? Ɗan yatsa ɗaya suke sawa komai ya ɓace. Da idona na gan ta, Daudu, da idona!"

"Wallahi Baffa, netwok nake—"

"Kun ji ta ko?" in ji Baffa. "Da Turanci za ta rufe mana baki! Tun kakanninmu ba a taɓa kawo ƙarar gidan nan ba sai da aka kwaso mana 'yar boko. Zulkifilu, ka zaɓa. Ko ita, ko ni da na goya ka."

Bahijja ta ɗago ta dubi mijinta. Mutumin da ya taɓa tako ƙafa daga Jajaye har Karaye cikin ruwan sama don babur ɗinsa ya mutu, wai kada ta yi zaton ya manta da ranar zance. Ta tabbata zai ce a tsaya a ji ta bakinta.

"Bahi," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Kin hau soron?"

"Na hau, Abban Munawwara, amma—"

"Je ki gida. Sai na neme ki."

Ya miƙa mata wayarta. Ko mayafin kirki ba ta tsaya nema ba. Ta kama hannun 'yarta, Baffa ya ce a sakar masa jika, ba za a tafi da ita a koya mata leƙen asirin mutane ba. Yarinya na ihu "Umma! Umma!" uwa na tafiya tana waiwaye har ta sha kwana. Wannan wace irin ƙeta ce, fisabilillahi?

A Karaye, mahaifinta Malam Abdulsalami da ya ji labari sai da ya jefar da carbinsa a kan buzu.

"Ƙazafi! Ƙazafi suka yi wa 'yata! Gobe sai gaban alƙali, Ilun nan ya kawo hoton ko ya kwana a ɗaure!"

"Don Allah Baba, ka yi haƙuri," ta ce tana kuka. "In aka shiga kotu auren ya mutu ke nan, kuma 'yata tana hannunsu. Ni ma ina da nawa laifin. Allah Ya ga abin da na hau yi."

"Har yanzu son yaron nan kike?"

Ta sunkuyar da kai.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ba kira, ba aike. Mata na shigowa jaje da baki biyu, wata ma har ta ja mayafi ta rufe fuska da ta ga waya a hannun Bahijja. Ta shanye. Ba ta zagi kowa ba, ba ta aika wa kowa baƙar magana ba. In ta idar da salla ta yi addu'a, ta ɗauki wayar ta ci gaba da tara darussa, tunda a Karaye netwok har cikin ɗaki yake. Mahaifiyarta ta ce, "Wa kike tara wa?" Ta ce, "Mai su."

Abin da ya faru a Jajaye kuwa, daga bakin Zulkifilu ta ji shi daga baya.

Baffa ya matsa masa lamba ya rubuta takardar saki, kullum da safe sai ya tambaya. Zulkifilu ya rame, abinci ba ya shiga. Wata yamma yana zaune a kan buhun taki ya zabga tagumi, Munawwara ta zo ta tsuguna, ta ɗora yatsa a kan rubutun jikin buhun, ta fara fitar da sauti ɗaya-ɗaya, a hankali, har ta haɗa kalma. Ta koma ta gaba.

Ya zabura. "Ke! Wa ya koya miki?"

"Umma. Saura darasin haɗa haruffa uku, yana saman soro ba ta sauko da shi ba."

"Saman soro?"

"Eh mana, Abba. Wajen indararo. A can netwok yake kwana."

Washegari da Baffa ya sake tambayar takarda, Zulkifilu ya durƙusa.

"Baffa, ban taɓa musa maka ba. Amma kafin in rubuta, ina roƙon Malam Ilu ya hau ya nuna mini inda ta tsaya, in ga abin da ta gani. In gidansa ake hangowa, a gabanka zan rubuta."

Aka kira Malam Ilu, ya zo yana cika baki. Shi da kansa ya ɗaga murya: "Za a hau sama! Mata a kimtsa!" Suka hau su biyu, Baffa ya tsaya a ƙasa riƙe da tsani.

"A ina ka gan ta, Malam?"

"Nan! Daidai nan, kan indararon nan."

"To duba gidanka."

Malam Ilu ya duba. Darbejiyar da shi da hannunsa ya dasa ta rufe gidan ruf, ko bakin rijiyarsa ba a gani, sai ganye. Ya buɗe baki zai kawo wata hujja, sai ƙaramar wayarsa ta hau ruri a aljihu, wayar da ba ta taɓa ƙara a unguwar nan ba sai ya fita bakin titi. 'Yarsa ce da ke aure a Zariya.

"Alo! Alo, Fiddausi? Kin sauka? Me aka samu? Alo!"

Ya matsa taku ɗaya, kira ya yanke. Sai ga dattijo ya manta da kowa, ya ɗaga waya sama da hularsa, yana juya ta gabas, yana juya ta yamma, yana ɗage a kan yatsun ƙafa.

Baffa Daudu ya daɗe yana kallonsa daga ƙasa. Can ya ce, "Ilu. Hoton matar wa kake ɗauka?"

Hannun Malam Ilu ya sauko a hankali.

Malam Abdulsalami ya rantse ba zai karɓi biko daga bakin yaro ba, sai wanda ya kore ta ya zo da ƙafarsa. Haka Baffa Daudu, da furfurarsa, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure a Karaye, Malam Ilu na raɓe a bayansa, suka ba da haƙuri har sau ba adadi. Aka ba Zulkifilu izini ya shiga ciki.

Ya same ta a ɗakin mahaifiyarta, ta juya masa baya.

"Bahi... sori. Don girman Allah."

"Sori?" Ta juyo, idanunta jajir. "Tambaya ɗaya ka yi mini, Abban Munawwara. Ɗaya! 'Kin hau?' Ta biyun fa? 'Me kika hau yi?' Ita ce ta yi maka nauyi? Baffa bai san ni ba, Malam Ilu bai san ni ba. Kai fa? Shekara nawa muna cin tuwo a kwano ɗaya, ka yarda ni ce zan leƙa tsiraicin matar wani?"

"Ban yarda ba, wallahi ban taɓa yarda ba. Tsoro na ji."

"Ai gara a ce ka yarda. Ka san ban yi ba, ka bar ni na fita ba 'yata."

Namiji guda ya durƙusa a kan ledar ɗaki yana hawaye. Ta bar shi ya yi mai isarsa, don ya cancanta. Sannan ta share nata.

"Ni ma na yi laifi. Na hau ban gaya maka ba, ban sanar da maƙwabta ba. Ka yafe mini wannan, na yafe maka wancan. Ina 'yata?"

"Tana waje a kan babur, ta ƙi saukowa. Wai sai ta gama karanta allon shagon mai shayi."

Dariya ta ƙwace wa Bahijja cikin kuka, ta fita da gudu ko takalmi babu.

Ranar da ta koma, ta tarar Zulkifilu ya kafa doguwar gora a jikin soron, da igiya da ɗan gwangwani a ɗaure. Ta zaɓi darasi, ta sa waya a gwangwani, ta ja igiya ya tafi sama, in ya gama ta sauko da shi, ƙafarta a ƙasa. Yanzu yaran unguwa cike suke da tsakar gidanta da hantsin Asabar, har da jikokin Malam Ilu. Baffa Daudu kuwa ba ya shiga, amma yakan shimfiɗa buzunsa a zaure daidai lokacin, ya ce wai iskar wajen ta fi daɗi.

Kin gani, ƙawata. Ido yana hango mutum daga nesa, amma ba ya hango niyyarsa, kuma zato zunubi ne da ke rusa gidan da bai ci ba bai sha ba. Namijin da ke son matarsa, ya tambaye ta sau biyu kafin ya nuna mata ƙofa. Mace kuma, ko alheri za ta ƙulla, kada ta ƙulla shi a bayan mijinta. Bahijja ta yi haƙuri ranar da take da ikon tona kowa, Allah kuwa Ya wanke ta da hannun wanda ya ɓata ta.

Amma don Allah maganar nan ta tsaya tsakanina da ke. Dattijan nan sun riga sun ji kunyarsu, kuma ita Bahijja ba ta son a tayar. Ko maigidanki kada ki gaya wa.