Na Uku Daga Hagu

Ranar da ta fara ganinsa, aikinta kawai kiran lamba ne. Auta tana shekararta ta ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, shi ya sa aka tsayar da ita a ƙofar ɗakin intabiyu tana shigar da masu neman gurbi. Baranda ta cika da yara masu ƙamshin sabon turare, kowa da uwarsa ko yayansa a gefe. Shi kaɗai ya zo ba ɗan rakiya. Dogo ne, rigarsa ta sha guga har wuyanta ya koɗe, yana zaune a ƙarshen benci da littafin sassan jikin mutum wanda bangonsa ya rabu.

Ya shiga, bai daɗe ba ya fito. Dariyar 'yan kwamitin ta biyo shi kafin ƙofar ta rufe.

"Har an gama?" ta tambaye shi.

"Ai sun san ni, Sista. Zuwana na uku ke nan. Ko shayinsu bai huce ba."

"Jarrabawar ce kake faɗuwa?"

"Ban taɓa faɗuwa ba." Ya dube ta ido cikin ido. "Na yi zaman gidan yari, shekara biyu. Ina yaron kemis na riƙa sayar wa matasa maganin tari mai bugarwa. Na san abin da suke yi da shi, kuma na sayar. Ba sharri aka yi min ba."

Ta saba jin mutane suna rantsuwa a kan abin da suka aikata, ba ta taɓa jin wanda ya ajiye laifinsa a fili haka ba.

Ƙa'idar makarantar ba ta hana mai tsohon laifi karatu ba. Cewa ta yi wani mai mutunci ya zo gaban kwamiti ya tsaya masa. Sai dai masu mutuncin garin kowa da uzurinsa: wannan yana da taro, wancan ƙafarsa ke ciwo. Su kuwa 'yan kwamitin, mutane ne da suka tsufa a kan kujera har ta ɗauki siffar jikinsu. Ɗayansu gyangyaɗi yake ana intabiyu, sai an ambaci gidan yari ya farka ya girgiza kai, ya ji ya kare al'umma. Kuma duk wata su ne ke kukan asibitoci ba ma'aikata.

Kafin ya sauka daga barandar ta ce, "Littafin nan naka tsohon bugu ne. Ina da sabo."

Da aron littafi aka fara. Dogo, kamar yadda kowa ke kiransa, yana jinyar wani tsoho mai shanyewar ɓarin jiki a wani gida bayan kasuwa. A ɗakin marasa lafiya na gidan yari ya koyi aikin, inda ya riƙa wanke mutanen da ko 'yan uwansu sun daina tambayarsu. Kullum da yamma saƙonsa zai shigo.

"Sista, na kai babin zuciya. Littafinki ya ce ɗaki huɗu gare ta. Na duba tawa, duka huɗun mutum ɗaya ce a ciki."

Ta yi dariya har ƙawarta ta leƙo. Ta rubuta: "Nas ɗina, wannan cunkoso ne, ka ga likita. Ka ci abinci kuwa?"

Likitan ma akwai shi, abin haushi. Ɗan aminin mahaifinta ne, sabon fitowa, wanda ko zance ya zo sai ya rataya abin sauraren ƙirji a wuya, kada wani ya ɗauka malamin makaranta ne. Hirarsa ɗaya ce: shi, da motarsa, da yadda nas-nas ba sa gane umarni. Auta takan zauna tana kallon bakinsa tana mamakin yadda mutum zai yi shekaru yana karanta jikin ɗan Adam bai taɓa lura akwai wani ɗan Adam ban da shi ba.

Mahaifinta kuwa shi ne ciyaman na ƙungiyar tallafa wa fursunoni. Duk shekara yakan je gidan yari da katan-katan na sabulu da mai ɗaukar hoto, kuma in mai hoton ya makara, sabulun ma jira yake. Babban hoton irin wannan ziyara yana rataye a falonsa, sama da talabijin.

Auta ta san mahaifinta. Don haka da Dogo ya ce zai zo gaishe shi, sai tsoro ya rubuta mata saƙo:

"Don Allah kar ka ɗauko maganar gidan yari a gaban Baba. Bari ya fara sonka tukuna."

Shiru. Ta kira, ba a ɗauka ba. Sai washegari amsa ta zo, ba Sista, ba wasa:

"Na ɗauka ke kaɗai ce ba sai na rufe fuskata a gabanki ba. Zan zo. Zan yi shiru, tunda haka kike so."

Ta karanta ta sake karantawa, kunya ta rufe ta.

Ya zo da yamma, ya durƙusa ya gaida Baba. Likita ma yana nan, ya miƙe ƙafa a kujerar da ta fi laushi. Auta ta shigo da ruwa da kofuna, ta ƙi fita, tana ta gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Baba ba ya barin baƙo ya tafi bai ga hoton ba. Ya ɗaga sandarsa ya nuna.

"Ka ga waɗannan bayin Allah? 'Ya'yana ne. Kullum ina faɗa wa jama'a, wanda ya gama hukuncinsa ya gama. A buɗe masa ƙofa, a ba shi aiki, a ba shi mata. Amma mutanenmu ba su da zuciya."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Likita.

Dogo ya ɗaga kai ya kalli hoton. Ta ga muƙamuƙinsa ya motsa, sannan ya sunkuyar da kai ya riƙe alkawarinsa.

A lokacin ne Auta ta kalli hoton nan a karo na farko. Shekaru tana goge masa ƙura, amma a gidan ba wanda ya taɓa duba wata fuska a ciki sai ta Baba, har da ita. Ga layin samari da askakken kai, kowa riƙe da sabulu a ƙirji kamar lambar yabo. Na uku daga hagu ya fi sauran tsawo, kuma shi kaɗai ne ba ya kallon kyamara.

Ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Baba, ɗaya daga cikin 'ya'yan naka ne ya zo gaishe ka. Na uku daga hagu. Shi nake so."

Sandar ta sauko a hankali. Baba ya dubi hoton, ya dubi Dogo, ya sake duban hoton, kamar wanda aka ce masa kujerar falonsa ta yi magana.

Likita ya yi 'yar dariya. "To, a dai lura da wayoyi kafin a tashi."

"Taka tana aljihunka, Likita," in ji Auta. "Tun da ka zo kake shafa ta."

Baba ya ce, "Yaro, tashi ka tafi. Ke kuma wuce ciki."

Dogo bai kai bakin titi ba saƙonsa ya shigo: "Sista ta, na yafe wancan saƙon. Na ma goge shi."

Bayan 'yan kwanaki Baba ya aika aka kira Dogo ofishin ƙungiya. Auta ta ji yadda aka yi daga bakinsa, suna tsaye a ƙofar asibiti bayan ta tashi aiki.

"Ya ce zai je gaban kwamiti da kansa ya tsaya min. Ya ce da kalma ɗaya tasa an ɗauke ni."

"Sharaɗin fa?"

"In manta hanyar gidanku."

Wato Baba ya san ƙofar, ya san makullin yana aljihunsa tun tuni, bai taɓa ciro shi don kowa ba sai yau da yake son ya sayi 'yarsa da shi. Ta dubi koɗaɗɗen wuyan rigar nan, ta tuna bencin.

"Ka karɓa," ta ce. "Wannan ne burinka. Kar ka rasa shi saboda ni."

"Na riga na ba shi amsa. Sista, bencin nan na san shi, ya san ni, baɗi ma zan iya komawa. Ke in na sake ki, wane layi zan bi in dawo?"

Ta juya baya don kada masu gadi su ga tana kuka.

A gida ta tarar da Mama a kicin. Mama tsohuwar nas ce, ta yi aiki har gashinta ya yi fari, amma da ake lissafin masu mutunci ba wanda ya tuna da ita, har Auta. Mutunci a wurin mutanen nan sai da babbar kujera da hatimi. Ta saurari 'yarta har ta gama, sannan ta ce, "Ina ne gidan da yake aiki?"

Washegari ta je ba sanarwa. Ta gaida tsohon, ta ɗaga rigarsa ta duba bayansa da ƙugunsa da dugadugansa, ta shinshina zanin gado. Da ta dawo ta wuce falo kai tsaye, ta hau kujera ta sauke hoton.

"Me kike yi haka?" in ji Baba.

"Ni nake naɗe sabulan nan duk shekara, Baban Auta, har yatsuna su yi tsami. Na ɗauka da gaske muke yi." Ta kifa hoton a kan tebur. "Tsohon da yaron nan ke jinya ya daɗe a kwance, ko ƙurji ɗaya babu a bayansa. Ni zan tsaya masa."

Ta je kuwa. Biyu daga cikin 'yan kwamitin ita ta koya musu ɗaura bandeji, shi ma mai gyangyaɗin ranar idonsa biyu. Suka yi ta jan magana, suka ce ai abin da wuya, suka ce sai an duba. Mama ta ce ba ta sauri, ta gyara zama. Aka ɗauke shi, da sharaɗin ba zai riƙe makullin kabad ɗin magunguna masu ƙarfi ba har ya gama.

"Sun yi daidai," Dogo ya rubuto. "Ni ma da haka zan ce. An ɗauke ni, Sista."

"Barka, nas ɗina. Makullin ni zan riƙe maka, da ma na saba riƙe na ɗakuna huɗu."

Zan so in ce nadama ce ta sauko da Baba, amma ba ita ba ce. A taron ƙungiya wani ya miƙe ya ce ya ji labari ciyaman zai ba tsohon fursuna 'yarsa, kuma gidansa ne ya shigar da yaron makaranta. Zaure ya ɗauki tafi, mutane suka miƙe tsaye. Baba bai taɓa iya mayar da tafi ba a rayuwarsa. Ya dawo gida yana gyaran murya.

"Na yi dogon tunani," ya ce. "Na yanke shawarar a ba yaron nan dama."

"Allah ya ƙara basira," in ji Mama, ba ta ɗago daga ɗinkinta ba.

Likita bai zo ɗaurin auren ba, wai yana da tiyata. Baba ya yi jawabi mai tsawo a kan buɗe ƙofa, masu uzurin nan duka suka hallara a sahun gaba, har da mai ciwon ƙafa, suna gyaɗa kai. Auta ta bar su da jawabinsu. Idonta yana kan angonta, wanda ya turo tsohon da yake jinya a keken guragu ya ajiye shi a inuwa kafin ya nemi wurin zamansa.

Da aka zo hoto, Baba ya nufi tsakiya kamar kullum. Dogo ya ce, cikin ladabi, "Baba, a bar Mama a nan." Baba ya buɗe baki, ya ga jama'a na kallo, ya matsa gefe.

Mai hoto ya jera su. Auta ta ƙirga daga hagu, dariya ta kusa ƙwace mata.

"Ka sake zama na uku," ta raɗa masa.

"Na gani."

"To wannan karon ka kalli kyamara."

Bai kalla ba. Ita yake kallo lokacin da aka ɗauka, kuma haka hoton ya fito. Shi ne rataye a ɗakinsu yanzu, kusa da tsohon hoton da Auta ta ɗauko daga teburin Baba, sama da inda farar rigarsa ta makaranta ke rataye kusa da tata.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa hannuwansu su zama waraka ga marasa lafiya. Ya kuma ba sauran samarin da ke cikin wancan hoton wanda zai tsaya ya kalli fuskarsu.