Allon da Ya Ɓata a Bakin Gada

A ƙasar da ta san darajar kanta, doka ba ta hukunta mutum sai ta fara sanar da shi. A kan wannan ƙa'ida mai girma Darakta ya tsaya, bayan an kama shi yana sharara gudu a bakin gada aka yanka masa takardar tara. Kamu na uku ke nan, kuma na uku shi ne mai tafiya da lasin. Lauyansa ya rubuta wa kotu cewa babu allon iyakar gudu a wurin, don haka tarar ba ta bi ƙa'ida ba.

Aka aika kofur ya duba. Ya dawo ya ce lallai babu allo. Ta haka maganar gudu ta koma maganar sata, ta faɗo teburin Sufeto, mutumin da ya daina mamaki tun yana saje.

Sufeto ya tsuguna a bakin gada. Abin da ya rage guntun ƙarfe ne, bai kai tsawon taƙi ba. Lauya ya ce allon ya yi watanni da ɓata, tun kafin a kama Darakta. Ana tsakiyar damina, amma bakin yankan sai ƙyalli yake, ko ɗigon tsatsa babu.

Ya tsallaka wurin mai faci.

"Wa ya yanke allon can?"

"Wane allo, yallaɓai?"

"Wanda kake jingina tayoyinka a jikinsa."

Mai faci ya goge hannu a wando. "Ni ban ga komai ba."

"To, mu je ofis. Can akwai benci, mutum yakan tuna."

"Makon jiya ne. Da rana tsaka, da zarto. Na ɗauka aikin hukuma ne, ganin ɓarna ce kuma ba ya sauri."

"Yaya kamanninsa?"

"Siriri. Ya sa kwat da ta fi ƙarfinsa, sai da ya naɗe hannun. Har baƙin mai ya roƙa a wurina, wai zarton na cijewa. Da ya gama ya ɗora allon a ka ya tafi."

Darakta ya karɓi Sufeto a falo, bai ce ya zauna ba.

"Ni ban taɓa ganin allo a wurin ba. Ka karanta sashen da lauyana ya kawo?"

"Na karanta, ranka ya daɗe."

"To ka san ba ni ake tuhuma ba, tsari ake tuhuma."

Ta taga Sufeto ya hango wani siririn mutum mai furfura jefi-jefi yana wanke mota. A jikin ƙusa kusa da shi an rataye wata ƙatuwar kwat.

"Wancan fa?"

"Auta ne, ƙanin matata. Ya zo kwana biyu neman aiki, ga shi har yarana sun gama makaranta."

Sufeto ya fita, ya zagaya bayan gida inda yake jin kukan tantabaru. Akurkin na katako ne, duk ya ruɓe, amma rufinsa sabo ne, zagayayye, an danne shi da bulo. Ya sunkuya ya leƙa ta ƙasa. Jar da'ira, farin fili, da lamba hamsin, tantabaru suna zaune a ƙarƙashinta cikin natsuwa.

Auta ya zo ya tsaya, soso a hannu, ruwa na ɗiga.

"Me ya hana ka jefa shi a kogi? Gadar na nan a gabanka."

"Ƙarfe ne mai kyau, yallaɓai. Kuma ruwa na dukansu."

"Wa ya sa ka?"

Darakta ya iso, ya tsaya da hannu a aljihu. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin, ba ta fito ba, ba ta koma ba. Auta ya dubi yayarsa. Ita ta riƙe shi tun rasuwar uwarsu, kuma ita ma ba ta da wani gidan sai wannan.

"Ba kowa," in ji shi.

"Ba ka tuƙi, ba ka da lasin. Me allo ya tare maka?"

"Rufi nake nema."

"Yaushe ka yanke shi?"

Darakta ya yi gyaran murya.

"Ya kai wata uku," in ji Auta, yana kallon ƙasa.

"Mai faci ya ce makon jiya."

"Mai faci ba ya riƙe kwana."

Sufeto ya rubuta abin da aka faɗa masa. Ya san mai faci ba zai taka kotu ba. Ya san za a ɗage zaman, a sake ɗagewa, kuma damina ba ta jiran alƙali. Ranar da za a je duba guntun ƙarfen, tsatsa ta ci shi, zai yi kama da na bara. Takardar tara za ta faɗi bisa ƙa'ida. Satar kayan hukuma kuwa ba ta da wata ƙa'ida da za ta cece ta.

"Abin kunya," in ji Darakta. "A cikin gidana. Doka ta yi aikinta, Sufeto, ba zan sa baki ba."

Kofur ya ɗauke allon, ya sa wa Auta ankwa.

"Yaya, a samo buhu a rufa wa tantabarun," in ji Auta. Ta gyaɗa kai.

Suna isa ƙofar gida Darakta ya tayar da motarsa a bayansu, yana da taro. Ya danna hon. Babu wanda ya motsa, domin buɗe ƙofar aikin mutum ɗaya ne. Ya sake dannawa.

Auta ya dubi Sufeto. Sufeto ya kau da kai.

Da hannayensa a haɗe Auta ya zare sakata, ya tura ƙyauren da kafaɗa, ya riƙe shi har motar ta fice. Sannan ya mayar ya rufe, ya hau bayan motar 'yan sanda.