Hanyar da Filta Bai Tsare Ba

Da hantsi aka kai Insifeto Uwaisu wurin gawar Mode, wani makiyayi, a gefen gonar dawa kusa da Tursa. Shanunsa na nan suna kiwo, ko ɗaya ba a taɓa ba. Uwaisu ya san 'yan bindiga ba sa barin saniya sai in gargaɗi suka zo yi.

Matar mamacin ce ta ba shi bakin zaren. Mode yana tura rahoton motsin 'yan bindiga ta shafin intanet na wata ƙungiyar sa-kai a Rabah, an kuma yi masa alkawarin ba wanda zai ga sunansa.

Kafin ya koma caji ofis har an riga shi yanke hukunci. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulmutallib, ya kawo ƙarar Mashkura, wadda ta gina shafin, wai ita ta fallasa sunan. DPO ya sa an rufe ta, ya ce gobe a miƙa ta kotu. Abin ya ɓata wa Uwaisu rai, domin ya tsani a dafa masa bincike a ce ya ci.

Ya sa aka fito da ita ofishinsa. Idonta a bushe yake.

"Mi kinka yi wa shahin?"

"Aikina na yi, Yallaɓai. Kowane shahi da ma'aikacinai, sabilet muka ce mai, shi ka kawo abin da anka nema. Gabanai akwai filta, awa mai gadi. Na ɗaura filta ga dut adireshin da yaf fara da /ofis/. Ba ka shiga sai da kalmar sirri."

"To ta ina sunan yah hita?"

"A ba ni waya."

Ya miƙa mata tasa. Ta rubuta adireshin, sai shafin ya nemi kalmar sirri. Ta goge ƙarshen, ta sa /shugaba. Nan take rahotanni suka zubo, da sunaye, da lambobin waya.

"Ma'aikaci guda na, amma an hudo mai hanya ta biyu, wadda filta bai san da ita ba," in ji ta. "Alhaji ya nemi in yi mai ita, nik ƙiya, yak kore ni. Na yi tunanin zai samu mai yi mai. Ga shi kuwa."

Uwaisu ya wuce ofishin DPO ya ce ba zai sa hannu a takardar tuhuma ba. DPO ya tuna masa cewa akwai ƙauyukan da ake tura masu taurin kai.

"A tura ni, Yallaɓai. Amma sai na ga Alhaji."

Ya same shi a majalisarsa kusa da kasuwa, tsakanin buhunan albasa da masu gyaɗa kai. Alhaji mutum ne da in ya yi atishawa sai ya duba wa ya ji.

"Ni da kwamfuta?" ya ce. "Ban san ko ina aka taɓawa ba. Ban taɓa ganin rahoton kowa ba."

"Alhaji, ara mini wayarka."

Da mutane na kallo, kunya ta hana shi ƙi. Shafin na nan a buɗe. A zauren WhatsApp na majalisar kuma ga adireshin da ya tura, da rubutu a ƙasa: ku duba, har Fulani ni suka kawo wa rahoto.

Masu gyaɗa kai suka fara neman takalmansu.

"Wa yah huda hanyar?"

"Ni nis sa wani mai gyaran kwamfuta." Alhaji ya gyara zama, ko gezau bai yi ba. "Ni nak kafa ƙungiyar ga. Kwamfuta ta riƙa tambayata ko ni wane ne, kullum, gaban mutane? Ita kuma Mashkura, ɗiyar cikina, ta ce mini a'a?"

"Mutum nawa ag ga zauren?"

"Ban ƙirga ba."

"To cikinsu wani ya karanta, yak kai ma 'yan bindiga, Alhaji. Tashi mu tahi."

A bakin kantar caji ofis suka yi kiciɓis da Mashkura, tana tsaye da wayar Uwaisu, ta gama toshe hanyar da aka huda a shafin. DPO ya leƙo, ya koma ciki. Alhaji ya tsaya yana jiran ta durƙusa ta gaishe shi. Ba ta durƙusa ba.

"Baba, ni na ce wa Mode ba mai ganin sunanai," ta ce. "Da bakina."

Kofur ya karɓi hular Alhaji da agogonsa, ya kama hannun babbar rigarsa ya shiga da shi ciki.