Bandar da Ta Dawo Gida

Mugun hali ne mutum ya ɗauka cuta ba cuta ba ce muddin baƙo za ta kama.

Da hantsi aka kira Insifekta Ɗanmusa zuwa Lafagu, gidan Namadi, mai gadin wata gonar gwaji ta masu bincike. Mutum uku kwance, yawu na dalala, jiki na karkarwa. Ta huɗunsu, Hamdiyya 'yar Namadi, ta riga ta cika. Likita ya ce sai ya san abin da ya shiga cikinsu zai san allurar da zai yi.

Insifekta ya rasa ta inda zai kama. Ba rauni, ba saran maciji. Kaji sun sha ruwan randa, suna kiwonsu, ba daga ruwa ba ne ke nan. Namadi kuma garau.

"Kai me ka ci?"

"Gayan tuwo, ranka shi daɗe. Ban cin kihi."

Goggo, yayar ubansa, ta ɗago kai. "Kai? Har ƙaya kaka taunewa tun kana yaro. Da kad dawo sun gama ci, kag ga bandar kihin, kat ture kwanon." Ita ta sayo bandar a kasuwar tsallake, cikin Benin, rashin haƙori ya hana ta ci.

Abin ya ƙara ɗaure wa Insifekta kai. Ya wuce gonar da Namadi ke gadi. Dokta Safina, shugabar binciken, ta duba ma'aji, kwalba ɗaya babu.

"Maganin ƙwarin shinkafa muke gwadawa. Yana hana jijiya isar da saƙo. Mutum biyu ke da mabuɗi, ni da mai gadi."

Nan take Insifekta ya buga wa likita sunan maganin, ya koma gidan Namadi ya ɗauki ragowar bandar. Kowane masunci da yadda yake lanƙwasa kifinsa ya ɗaure.

"Goggo, ɗaurin wa ne?"

Ta shafa kabar da aka ɗaure kifin da ita, ta daɗe. "Na gidanmu na. Ɗaurin Namadi na, ubansa yak koya mishi."

Namadi ya durƙusa. "Cikin tabki niz zuba maganin, kihi yat taso. Nik kai tsallake nis saida don kar namu su ci."

Insifekta ya ce, "Ka gane ɗaurinka, ka yi shiru suna shure-shure?"

Aka sa wa Namadi ankwa.

Ukun sun tashi. Namadi ya rasa 'ya, ya rasa aiki, matarsa ta koma Kende gidan iyayenta, tabkin ya mutu, shi kuma shekara goma sha biyu a gidan yari.