Maganar Mama a Bakin Auta

Auta na zaune gaban madubi, iyafis a kunne, tana maimaita abin da take ji da ƙarfi.

"Ɗana ba zai auri 'yar tsallaken gada ba! Mutanen da suka ƙona mini shago?"

Baba ya bankaɗo labule, almakashin ɗinki a hannunsa. "Ke! Lafiyarki kuwa? Mu ne fa 'yan tsallaken gadar!"

"Rihasal nake yi, Baba."

Ta yi masa bayani. Ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo ta bi gida-gida a unguwanni biyun da ke gefe da gefen gadar, tana naɗar muryoyin mutane kan rikicin zaɓen da ya raba su tun Auta na goye. 'Yan wasa za su hau dandamali su faɗi maganar yadda aka faɗe ta, ba ƙari ba ragi, kuma kowa muryar ɗaya ɓangaren zai ɗauka. Darakta, da ba ta san abin da ke tsakaninsu ba, ta miƙa wa Auta muryar Mama, mahaifiyar Dogo, saurayinta mai kula da fitilun wasan.

"To kin ji da kunnenki," in ji Baba. "Ni ma ba na ba su 'yata. Magana ta ƙare!"

Washegari Dogo ya tare ta bayan labulen zauren wasa, wayar fitila naɗe a kafaɗarsa.

"Don Allah ki tsallake layin nan. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Dogo, kaina ya kulle wallahi! Matar nan ba ta ƙaunata, amma kullum na kwaikwaye ta sai na yi kuka. Haushinta nake ji ko tausayinta? Ban sani ba. Ka taɓa sauraron ƙarshen rikodin ɗin?"

Bai taɓa ba. Ta sa masa a kunne. A cikin rikodin Mama ta yi tari, ta yi shiru, sannan ta faɗi yadda ranar rikicin ta goya shi ta yi ta gudu ba takalmi. "Har yau idan na ji ƙauri, sai na leƙa ɗakinsa."

Dogo ya zauna kan akwatin fitila.

Ranar wasa zauren ya cika, kowace unguwa ta kama gefenta. Auta ta fito ta faɗi komai — ƙiyayyar, tarin, shirun, gudun — ba ta mayar da ko kalma ɗaya abin dariya ba. 'Yan unguwarsu suka yi tsaki. Mama kuwa ta miƙe ta fice tun ba a ƙare ba.

Daga ranar Dogo ya daina kira, uwa ta hana. Auta ta rame, ta rasa gane ko daidai ta yi ko ta rusa aurenta da bakinta. Ba ta aika saƙo ba, ba ta kuma zagi kowa ba. Baba ma ya yi sanyi. Wata rana yana taka keken ɗinki ya ce, kamar da kansa yake, "Ashe ita ma da goyo ta gudu, kamar mahaifiyarki."

Bayan watanni, da hantsi, wata mata ta yi sallama a shagon Baba da yadi a leda. Auta ta gane muryar tun kafin ta ɗago.

"Ke ce har tarina kika kwaikwaya?" Mama ta dube ta sama da ƙasa. "Me ya hana ki cire maganar nan? Da ke fa nake a cikinta!"

Auta ta durƙusa. "Maganarki ce, Mama. Ba ni da ikon taɓa ta."

"Na ji ta a bakinki, na rasa inda zan sa kaina. Na ce wannan ni ce? Na so in tsane ki, na kasa. Yarinyar da ta riƙe maganata da mutunci haka za ta riƙe mini ɗa." Ta juya ga Baba. "Malam tela, ni dai a gida ce musu na yi ɗinki zan kawo."

"To zauna mana," in ji Baba, yana jawo mata kujera. "Auta, kawo wa surukarki ruwa!"

Ba a rufa shekara ba aka ɗaura auren.

'Yan'uwa matasa, idan iyaye suka tsaya muku a hanya, kada ku yi gaggawar ɗaukarsu maƙiya. Sau da yawa tsoro ne ke magana a bakinsu. Ku yi haƙuri ku saurare su har ƙarshe, domin wanda aka saurara da gaske shi ma wata rana yakan saurara.